Mastas a harkokin ɗalibai a Amurka: akwai wanda ya taɓa bin hanyar nan?

Hafsat B.: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri, tambayata za ta ɗan yi tsawo. Shekarata huɗu ina aiki a sashen harkokin ɗalibai na wata jami'a a nan arewa. Ina cikin masu rabon gado a hostal ɗin mata, kuma duk rigimar da ta tashi tsakanin 'yan ɗaki, teburina take fara sauka kafin ta kai ga Din, wato shugaban sashen. Digirina na farko a Soshiyoloji ne. Kwanan nan na gano ashe wannan aikin da muke yi da ka, a Amurka kwas ne mai zaman kansa, ana yin mastas a kai har da dakta. Tun daga ranar abin ya tsaya min a rai. Ina so in san yadda ake samun admishan, da abin da zai ci, da kuma ko zai amfane ni in na dawo. Wanda ya sani don Allah ya taimaka.

Ɗan Katsina: Wa alaikumus salam. Yanzu rabon gadon ma sai an je Amurka an karanto? To fotoci masu tsaron ƙofar hostal su ma su shirya jakarsu.

Hafsat B.: Ka zo ka zauna a kujerata satin rijista, ranar da ɗalibai ɗari uku suka tsaya a kanka ga gado arba'in. Sai mu ga ko za ka yi dariya.

Anti Rabi: Ƙyale shi ƙanwata. Ni na bi hanyar, na gama, yanzu ina aiki a ofishin ɗaliban ƙasashen waje a wata jami'a a Michigan. Bari in fara da abin da ni ba a gaya min ba sai da na yi asarar shekara guda.

Admishan a wannan kwas ƙofa biyu ce. Ta farko sashen koyarwa, wato malaman da za su karanta takardunki su ce sun yarda. Ta biyu aikin mataimaki, wanda muke kira asistanshif: wani ofis a cikin jami'ar, ko na ɗakunan kwana, ko na tarbar sababbin ɗalibai, ko na ladabtarwa, ko na taimaka wa ɗalibai neman aiki, ya ɗauke ki aikin awa 20 a sati. Shi ne zai sa a yafe miki kuɗin makaranta, duka ko wani kaso, kuma a riƙa ba ki alawus. Mutanen ƙofa ta biyu daban suke da na farko, kuma intabiyu suke yi kamar na kowane aiki. Shekarar farko da na nema na samu admishan a makarantu biyu, na yi ta murna har da rabon goro, ashe ba asistanshif ko ɗaya. Da na ga lissafin kuɗin sai na ninke wasiƙar na ajiye a ƙasan akwati. A wasu makarantun ma ba za su bari ki fara karatun ba sai kina da asistanshif, don suna ɗaukar aikin a matsayin rabin kwas ɗin.

Lokaci kuma: yawanci ana rufe karɓar takardu tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu, intabiyu a Fabrairu zuwa farkon Maris, sai ranar 15 ga Afrilu wadda jami'o'i da yawa suka yi yarjejeniya a kanta cewa ba za a matsa wa ɗalibi ya ba da amsar tayin kuɗi kafin ta ba. Karatu ya fara a Agusta. Shekara biyu ne. Tunda yanzu muna Oktoba, in bana kike so, to gudu ya kama ki.

Hafsat B.: Allah ya saka da alheri Anti. Waɗanne makarantu ne suka yi suna a kai? Kuma sai na yi jarrabawar shiga mastas ta GRE?

Anti Rabi: Waɗanda sunansu ke yawan fitowa a bakin 'yan sana'ar: Jami'ar Indiana da ke Bloomington, Bowling Green da Jami'ar Miami, dukansu biyun a jihar Ohio suke, kar Miami ta ruɗe ki ki zaci Florida ce. Akwai Michigan State, Ohio State, Iowa State, Jami'ar Maryland, Jami'ar Vermont, Colorado State. Amma kar suna ya ja ki. Ki duba wace ce ke ba ɗalibin waje asistanshif, kuma wace ce ke yarda a yi intabiyu ta Zoom. Ƙaramar makaranta da ta biya miki komai ta fi babba da ta ce ki zo da kuɗinki.

GRE yawancinsu sun daina nema tun wajen 2020. Abin da za su nema: takardar sakamakonki ta jami'a, wasu su ce sai WES, cibiyar da ke duba takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance ta, wasiƙun shaida uku, takardar tarihin aiki, da bayanin dalilin da ya sa kike son kwas ɗin. Jarrabawar Turanci kuma ya danganta, wasu suna ɗauke wa 'yan Najeriya, wasu sai kin kawo TOEFL ko IELTS ko Duolingo. Ki rubuta wa kowace ki tambaya, ki kuma roƙi a yafe kuɗin fom a cikin wasiƙar ɗaya. Ni biyu suka yafe min.

Malam Sani Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma Hajiya Rabi ta yi bayani mai kyau a kan tafiya. Ni a kan dawowa zan yi magana, don shekara talatin da ɗoriya na yi a rijistiri kafin in ajiye.

'Yata Hafsat, ki dubi tsarin da kike ciki da idon basira. A jami'o'inmu Din na harkokin ɗalibai malami ne, galibi farfesa ko mai dab da zama, shugaban jami'a ke naɗa shi na ɗan lokaci, in ya gama ya koma sashensa ya ci gaba da koyar da kimiyyar ƙasa ko Larabci. Ke kuma ma'aikaciyar rijistiri ce. Tsaninki sananne ne: mataimakiyar magatakarda, babbar mataimakiya, har zuwa mataimakiyar magatakarda ta ƙoli, in Allah ya nufa magatakarda. Ana hawa ne da shekaru da jarrabawar ƙarin girma da gurbi. Kuma ba a ɗauke ki don harkokin ɗalibai kaɗai ba. Gobe magatakarda zai iya sa hannu a takarda guda ya mayar da ke ofishin Sanet, wato majalisar malaman jami'a, ko makarantar gaba da digiri, ko ofishin ma'aikata. Na ga an yi, ni ma na sa hannu an yi. To ki je ki yi shekara biyu kina ƙwarewa a kan rayuwar ɗalibi, ki dawo a sa ki rubuta bayanan taro. Mastas ko wane iri ne zai taimake ki wajen ƙarin girma, amma wanda za ki yi a gida da yamma kina karɓar albashinki shi ma mastas ne.

Ɗan Katsina: Abin da babba ya hango...

Hafsat B.: Na gode Baba. Wallahi maganar canjin ofis gaskiya ce, wadda na gada ma haka aka ɗauke ta rana tsaka. Amma Baba, ba ƙarin girman ne ya fi damuna ba. Abin da ke damuna shi ne ina yin aikin da ban iya ba, kuma babu wanda ya koya min.

Dakta Ummi: Ina koyarwa a tsangayar ilimi, bari in sa baki. Malam Sani ya faɗi yadda tsarin yake, amma ni ina ganin tsarin ne matsalar, ba hujja ba ce ta zama a haka. Su ma Amurkawan da haka suka fara. Malamai ake ɗorawa su zama Din na maza da Din na mata, su lura da tarbiyya kamar iyaye. A 1919 wasu Din-Din na maza suka yi taro a Wisconsin, abin da ya zama NASPA ta yau, ƙungiyar ma'aikatan harkokin ɗalibai, a 1924 aka kafa wadda ta zama takwararta ACPA. A 1937 Majalisar Ilimi ta Amurka ta fitar da wata takarda da ta ce aikin jami'a ya shafi ɗalibi gaba ɗayansa, lafiyarsa da aljihunsa da zamansa da mutane, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Daga nan abin ya zama sana'a mai horo. A 1961 kuma wata kotun tarayya ta yanke hukunci a shari'ar Dixon da jihar Alabama, inda aka kori ɗalibai baƙar fata saboda zaman dirshan na neman 'yanci, ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi ba tare da an sanar da shi laifinsa an saurare shi ba. Tun daga nan ladabtarwa ta zama aiki mai ƙa'ida da sai an koya.

Mu kuma mu tuna namu tarihin. Rikicin 1978 na Ali Must Go daga ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai ya taso, aka rasa rayuka har a Zariya. Na 1986 a Zariya kuma ya biyo bayan hukuncin da aka yi wa shugabannin ɗalibai ne bayan jerin gwanon tunawa da na 1978. Abinci, hostal, ladabtarwa. Duka ukun teburin Hafsat ne. Amma har yau muna ɗaukar wurin kamar kowa ma zai iya.

Malam Sani Mai Ritaya: Dakta, ban ce kowa zai iya ba. Na ga Din ɗin da ya kashe wutar zanga-zanga da tabarma da shayi, ya zauna da yaran har ƙarfe biyun dare, bai taɓa karanta ko shafi ɗaya na wannan fannin ba. Na kuma ga mai tarin takardu da ya hura ta da sanarwa guda a allo. Hali ne da sanin mutane.

Dakta Ummi: Na yarda Malam. Amma mai tabarmar nan da ya gama wa'adinsa, da me ya bar wa na bayansa? Ya tafi da iyawarsa a cikin kansa. Amfanin horo shi ne kar mu riƙa jiran sa'a.

Abu Zango Kumasi: Ina gaisuwa daga Kumasi. In dai ilimin ake so ba tafiyar ba, Jami'ar Cape Coast tana da mastas a kan gudanar da manyan makarantu a cibiyarta ta tsara ilimi. Afirka ta Kudu ma sun yi nisa a wannan fannin, har akwai mujallar bincike kan harkokin ɗalibai a Afirka da aka fara fitarwa a 2013, kyauta ake karanta ta a intanet. Matsalolin da suke rubutu a kai sun fi kama da namu: ƙarancin gado, yunwa, yajin aiki, kuɗin makaranta.

Dakta Ummi: Haka ne. A gida kuma mafi kusa shi ne mastas a fannin jagoranci da nasiha, ko gudanar da ilimi da tsare-tsare, akwai su a Bayero da ABU da sauransu. Sai dai Hafsat tunda digirinki ba na ilimi ba ne, a mafi yawan wurare sai kin fara yin PGDE, wato difloma ta gaba da digiri a fannin ilimi. Kuma in faɗi gaskiya ko da a kan sashenmu ne, yawancin abin da muke koyarwa a nan ya fi karkata ga firamare da sakandare.

Anti Rabi: Baba Malam, da girmamawa, akwai abu ɗaya da nake so in ƙara a kan maganar hali. Ni ma da haka na ɗauka. Abin da ya canza min tunani ba ajin ba ne, wayar dare ce.

Asistanshif ɗina a ɗakunan kwana na yi. Suka ba ni ɗan gida a ƙasan ginin da ɗalibai wajen ɗari huɗu ke kwana, da katin cin abinci, da ɗalibai goma masu lura da hawa-hawa a ƙarƙashina. Duk bayan 'yan makonni sai wayar gaggawa ta zagayo hannuna sati guda, ko banɗaki zan shiga da ita nake shiga. Wani dare cikin sanyin Fabrairu, wajen ƙarfe uku, ta yi ƙara. Yarinya 'yar shekara sha takwas ta kulle kanta, abokiyar ɗakinta ta ce ta yi maganar ba ta son rayuwa. Na sa hijabi a kan kayan barci na hau. Da a gida ne da nasiha zan fara, in ce ki ji tsoron Allah, ki tuna iyayenki. A nan an riga an horar da mu: ki zauna ƙasa daidai da ita, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta tanadi abin da za ta yi da shi, kar ki bar ta ita kaɗai, ki kira mai ba da shawara na dare, ki rubuta rahoto kafin gari ya waye. Bakina na rawa na yi tambayar, don a tarbiyyarmu ba a furta irin wannan. Ta amsa. Ashe ta tanada. Da safe na shiga aji muna tattauna ka'idar Nancy Schlossberg a kan yadda mutum ke jure sauyin rayuwa, ina zaune ina ganin fuskar yarinyar a kowane layi.

Shi ya sa nake cewa asistanshif ɗin shi ne karatun. Wanda ya je ya biya kuɗinsa ya zauna a aji kawai yana haddace ka'idojin masana irin su Chickering da Tinto da Astin, ya sayo rabin kaya ne da kuɗin duka.

Maman Khalil: Subhanallah. Anti jikina ya yi sanyi. Mu ma fa muna da irin yaran nan a hostal, sai dai a ce aljanu ne ko a kira iyaye su zo su ɗauke ta.

Abdul Injiniya: Ni tambayata daban ce, kuma kar a ji haushi. Aikin nan a can ba ya karo da addini? Na ji hostal ɗinsu maza da mata gini ɗaya, ga giya, ga abubuwan da mu ba mu yarda da su ba. Mace Musulma za ta iya?

Anti Rabi: Tambaya ce mai kyau, gara a yi ta tun a gida. E, gini ɗaya ne a yawancin wurare, wani lokaci hawa ɗaya. Giya kuwa doka ta hana wanda bai kai 21 ba, don haka aikina ya fi zama tsayawa a kan yaro yana zubar da ita a sinki ina rubuta sunansa. Amma ba zan ɓoye maka ba, aikin yana buƙatar ka yi wa kowane ɗalibi hidima daidai, har wanda rayuwarsa ta saɓa wa abin da ka yi imani da shi, kuma za a tambaye ka wannan a intabiyu ƙarara. Ba wanda ya taɓa cewa in bar sallata ko in cire hijabina. Ni ma ba ni da ikon juya wa yaro baya in ya ƙwanƙwasa ƙofata. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya nemi asistanshif a wani ofis, kamar na ba da shawarar kwasa-kwasai, ko ya sake tunani gaba ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, zamana a wurin ne ya sa ɗakin cin abinci ya fara ba masu azumi abincin sahur a leda, don kafin nan ba wanda ya lura ana rufewa kafin a sha ruwa.

Abdul Injiniya: Na gamsu da rabin amsar. Sauran rabin sai na tambayi malamina.

Yusuf Ohio: Bari in zuba ruwan sanyi kaɗan, ni injiniyanci na karanta amma matata wannan kwas ta yi. Ku yi lissafin bayan gamawa. Kwas ɗin ba ya cikin rukunin kimiyya da fasaha, don haka izinin aiki na OPT wata 12 ne kacal, babu ƙarin wata 24 da mu muke samu. Gaskiya ne jami'o'i ba sa shiga cacar bizar aiki ta H-1B, amma da yawansu ba sa ɗaukar nauyin biza ga ƙaramin ma'aikacin da ba malami ba, suna rubutawa ma a tallan aikin. Albashin farawa kuma ƙarami ne in aka kwatanta da wahalar, mutane da yawa suna barin sana'ar bayan 'yan shekaru. Wanda ke neman hanyar zama a Amurka, wannan ba ita ce mai sauƙi ba.

Sannan ko da cikakken asistanshif akwai kuɗin da ba ya ɗaukewa. Kuɗin SEVIS, wato rijistar ɗaliban waje, dala 350 da biza dala 185 a farashin 2025, tikitin jirgi, inshorar lafiya a wasu makarantun, da wasu kuɗaɗen hidima da ake cira kowane zango. Kwantiragin yawanci na wata tara ko goma ne, watannin bazara sai kin nemi wani aikin horo, irin wanda ƙungiyoyin ACUHO-I ta ma'aikatan ɗakunan kwana da NODA ta masu tarbar sababbin ɗalibai ke haɗawa. Kuma bizar ɗalibai ta F-1 ba ta yarda ki wuce awa 20 a sati lokacin karatu ba, asistanshif ɗin ya riga ya cinye su, babu zancen ɗan wani aiki a gefe. In kuɗin da makaranta ta rubuta a I-20, takardar da ake neman biza da ita, ya fi abin da asistanshif ke biya, ragowar sai kin nuna a banki.

Ƙari a kan haka, a Yulin 2025 yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta koma shiga ɗaya, wata uku. A ƙa'idar lokacin, in kin shiga kina nan lafiya muddin takardunki na makaranta suna aiki, amma in kin fito hutu sai kin sake neman wata. Ki sa a ranki shekara biyun nan ba zuwa gida.

Hafsat B.: Wannan ta ƙarshen ta fi komai yi min nauyi. Ina da yaro ɗan shekara uku.

Maman Khalil: To fa. Maigidan ya sani kuwa?

Hafsat B.: Shi ya fara turo min shafin kwas ɗin ma. Hajiyarsa ce ba a gaya wa ba tukuna.

Ɗan Katsina: Ashe akwai ƙofa ta uku da Anti Rabi ta manta. Wannan intabiyun ba a yin sa ta Zoom.

Malam Sani Mai Ritaya: Akwai ta huɗu ma. Hutun karatu. Sai an tabbatar da ke a aiki, sai kwamiti ya zauna, kuma in da albashi za ki tafi sai kin sa hannu a yarjejeniyar dawowa ki yi wasu shekaru. Kar ki sa rai da TETFund, tallafin karatunsu na malamai ne masu koyarwa. Ki fara shigar da takardarki tun yanzu, kar ki jira admishan ya fito, don na san fayil ɗin da ya yi wata bakwai tsakanin hawa na ɗaya da na biyu. Ban canza ra'ayina ba, amma in za ki yi, ki yi shi da tsari. Kuma kar ki ajiye aiki.

Hafsat B.: In sha Allah Baba. Anti, bayanin dalilin nan shi ke ba ni tsoro. Na fara rubutawa sau uku, duk sai ya fito kamar takardar neman aiki. "Ina da sha'awar taimakon ɗalibai tun ina ƙarama", daga nan sai in tsaya.

Anti Rabi: Goge wannan layin, kowa da shi yake farawa. Ba ni labarin ɗaliba ɗaya da har yau take dawo miki a rai.

Hafsat B.: Akwai wata 'yar aji biyu. Fota ce ta kawo min ƙararta, wai ta kama ta tana kwana a masallacin hostal sati uku, kayanta a cikin buhu a bayan tankin ruwa. A ƙa'ida rahoto zan rubuta a kai ta kwamiti. Da na zaunar da ita sai ta ce mahaifinta ya rasu a hutun da ya wuce, kawunta ya biya rijista amma kuɗin gado bai samu ba, kuma in ta faɗa a gida za a ce ta dawo a yi mata aure. Ban rubuta rahoton ba. Na bi ɗaki-ɗaki har na samu wata 'yar ajin ƙarshe da ta tafi aikin koyarwa na gwaji, na roƙe ta aron gadonta. Amma na san abin da na yi ba tsari ba ne, sa'a ta yi ta faɗo hannuna. Ban san nawa ne irinta ba, don ba mu da ko rijistar da ke nuna wa ya rasa gado saboda kuɗi, wa ya rasa saboda latti.

Anti Rabi: To kin gama rubuta rabinsa. Ki fara da buhun nan a bayan tanki, ki cire duk abin da zai sa a gane yarinyar. Daga nan ki faɗi daidai abin da kika faɗa mana, cewa kin taimaki ɗaya amma ba ki da hanyar sanin sauran, kuma abin da kike so ki koyo kenan: yadda ake tattara bayani, yadda ake kafa asusun gaggawa, yadda ake rubuta ƙa'idar da ba ta hukunta talauci. Sai ki ambaci malami ɗaya ko darasi ɗaya a makarantar da ya dace da wannan. Yawancin masu nema a nan yara ne 'yan shekara 22 da suka yi lura da hawa ɗaya a hostal. Ke shekara huɗu kika yi a kan gado dubbai. Kar ki raina shi, kuma ki sa lambobin a takardar tarihin aikinki, gado nawa, fotoci nawa a ƙarƙashinki, ƙara nawa kike saurara a zango.

Wasiƙun shaida kuma ki haɗa: ɗaya daga malamin da ya duba aikinki na ƙarshe a jami'a, ɗaya daga Din ko wanda kike ƙarƙashinsa kai tsaye. Ki gaya musu ta imel makarantar za ta turo musu mahaɗi su ɗora da kansu, don nawa ɗaya ya bar shi a akwatin tarkace har ranar rufewa.

Ranar intabiyu ki tuna a Fabrairu awa shida ne tsakanin Kano da gabashin Amurka, ƙarfe uku na ranarsu tara na darenki ne. Ki tanadi janareto da layi biyu. Za su ce ki ba da misalin lokacin da kika yi kuskure, kuma da gaske suke, ba tarko ba ne.

Dakta Ummi: Hafsat, ko kin tafi ko ba ki tafi ba, rijistar nan da kika ce babu, ki buɗe ta a wannan zangon. Littafi ɗaya da biro ya isa. In kin tara na zango biyu ki kawo min mu duba tare, takarda ce mai kyau za ta fita daga ciki.

Malam Sani Mai Ritaya: Wannan na goyi baya ɗari bisa ɗari. Amma ki sanar da Din a rubuce kafin ki fara, kar wani ya ce kina tara sunayen mutane.

Yusuf Ohio: Takardar sakamako fa? Ita ce ta kusa kayar da matata. In makarantar ta ce sai WES, jami'arki ce za ta aika musu kai tsaye, ba ke ba, kuma sai sun karɓa sun tabbatar agogonsu ke fara tafiya.

Hafsat B.: Ban ma nema ba tukuna. A wata jami'ar na yi digirin, ba inda nake aiki ba, tafiyar awa huɗu ce. Na ɗauki hutun Litinin da Talata, zan je da kaina in zauna a bakin ofishin har a nemo fayil ɗina. Anti, in na gyara bayanin zan iya turo miki ta akwatin sirri?

Anti Rabi: Turo, amma kar ya wuce shafi biyu. Wannan satin muna fama da takardun ɗaliban da za su gama a Disamba, sai Asabar zan duba.

Abu Zango Kumasi: In kin je ofishin ki tafi da kwafin rasit ɗin komai. Da kujerar zama.